A Sayar da Kallo, Kada a Sayar da Kaye

Kokowa iri biyu ce ke rabon hankalin samarin Junju a yau. Ta farko ita ce wadda suka tashi suka tarar, ta bayan girbi, wadda ake share fili jama'a su kewaye shi, makaɗi ya saki ganga, ƙarti biyu su shiga su gwada ƙashi. Ta biyu daga Amurka take zuwa ta cikin waya da akwatin talabijin, ita ce wadda ake kira resilin. Yaron da bai taɓa wuce Gaya ba zai jero maka John Cena da Roman Reigns da Undertaker ba gargada, ya kuma gaya maka wanda ya ci amanar wani a makon jiya. Dattawa na ɗaukar abin shirme, su ce ai wasan yara ne. A ganina kasuwa ce da ta san abin da take sayarwa, kuma akwai darasi a cikinta ga mu da muke da kokowar gaskiya amma muka kasa ciyar da masu yin ta.

Junju, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Dioundiou, ba baƙuwar kokowa ba ce. Gari ne na manoma a kwarin Dallol Mawri, ƙasar rake da gero, arewa da Gaya, Jihar Kebbi ta Najeriya na gabas da shi. A 2011 aka yanke shi daga Gaya aka ba shi matsayin gunduma, tare da Karakara da Zabori. Mutanen nan da na Kamba da Kangiwa dangin juna ne, kasuwa ɗaya suke ci, kuma in kaka ta yi kiɗa ɗaya ke tayar musu da tsimi. Saboda haka in ana maganar mene ne ke sa karawa ta yi kyau, har mutum ya ga kuɗinsa bai tafi a banza ba, mutumin Junju yana da bakin magana. Ya san kokowa da idonsa tun kafin ya san talabijin.

Yadda Amurkawa suka mayar da kokowa haja abin dubawa ne. A da, shirye-shiryen da suke nunawa mako-mako talla ce kawai. A nan ake ƙulla gaba: wannan ya zagi wancan, wancan ya yi masa kwanton ɓauna a bayan fage, aboki ya juya wa aboki baya. Sai an ja wa mai kallo rai makonni, ya ƙagu, sannan a ce masa ranar raba gardama ta zo, amma sai ya biya zai gani. Wannan shi ne tsarin biya-ka-kalla. Vince McMahon, mai kamfanin da yau ake kira WWE, shi ne ya ɗaukaka shi da bikin WrestleMania na farko, ranar 31 ga Maris 1985, a zauren Madison Square Garden da ke New York. Mafi yawan waɗanda suka kalli wancan biki ba a gidajensu suka kalla ba. Kuɗi suka biya suka shiga zauruka da silima inda aka haska musu a babban allo. Wato da gidan kallo aka fara, irin wanda muke da shi a kowace unguwa.

Daga nan abin ya yi ta bunƙasa. A 1987 aka yi WrestleMania na uku a Pontiac ta Jihar Michigan, inda Hulk Hogan ya ɗaga ƙaton nan André the Giant ya maka da ƙasa. Zuwa 1995 kamfanin ya koma shirya irin wannan biki kusan kowane wata, farashi kuma ya yi ta hawa har ya haura dalar Amurka 50 a dare ɗaya. Da intanet ta kankama, a watan Fabrairun 2014 suka buɗe tasu kafar, WWE Network, a kan dala 9.99 a wata. A Janairun 2025 kuma shirinsu na Raw ya koma Netflix bisa yarjejeniyar dala biliyan 5 a shekara 10. Duk wannan dukiya an tara ta ne a kan kokowar da kowa ya san an riga an rubuta wanda zai yi nasara kafin a shiga fili.

Su da kansu ba su ɓoye ba. Tun 1989 kamfanin ya shaida wa majalisar dokokin Jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne ba gasa ba, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Wannan ba ya nufin ba a jin jiki. Faɗuwar ta gaske ce, karaya ta gaske ce. Ranar 23 ga Mayu 1999, a birnin Kansas City, Owen Hart ya faɗo daga saman zaure yayin da ake sauko da shi da igiya, ya mutu, kuma aka ci gaba da wasa a daren saboda mutane sun riga sun biya. Wanda ya ce waɗannan mutane ba su da ƙarfi ko ba su da gwaninta bai yi musu adalci ba. Abin da babu a wasansu shi ne shakka ta gaskiya game da wanda zai kayar da wani.

To da me suke auna kyawun karawa? Da ma'aunin wasan kwaikwayo. Shin labarin ya kama zuciya? Shin an fara a hankali, aka yi ta hawa, aka ƙare a daidai inda ran mai kallo ya kai maƙura? Shin motsin ya fita tsaf har ka manta shiri ne? Shi ya sa masana abin, in ana zancen bikin 1987, ba Hogan da André suke yabo ba, karawar Ricky Steamboat da Randy Savage suke kawowa, wadda aka yi kafin ta manyan. Akwai wani ɗan jarida, Dave Meltzer, da ya shafe shekaru yana ba karawa maki da taurari, biyar ce ƙoli. Da Kazuchika Okada da Kenny Omega suka kara a Tokyo ranar 4 ga Janairu 2017, fiye da minti 45 suna abu ɗaya, sai ya fasa ma'auninsa ya ba su shida. Haka nan Undertaker: sau 21 yana cin nasara a WrestleMania ba faɗuwa, har ranar 6 ga Afrilu 2014 da Brock Lesnar ya kayar da shi a New Orleans, zaure ya yi tsit. Marubuta ne suka gina wancan tarihi shekara da shekaru, suka kuma zaɓi ranar rushe shi.

Amma ko a wannan duniya ta shiri, akwai abin da mai kallo ba ya yafewa. Ranar 4 ga Janairu 1999, a birnin Atlanta, kamfanin WCW, wanda a lokacin shi ne babban kishiyar McMahon, ya tara dubban mutane, ya haɗa karawa tsakanin Hulk Hogan da Kevin Nash don kambun duniya. Aka buga ƙararrawa. Hogan ya miƙa yatsa ɗaya ya dunguri Nash a ƙirji, Nash ya zube da gangan, Hogan ya haye shi, alƙali ya ƙirga uku, suka tashi suna dariya suna rungumar juna. Mutanen da suka san wasa ne suka zo kallo, duk da haka suka ji an raina musu hankali. Masu bin tarihin abin da yawa na lissafa wannan dare cikin abubuwan da suka zubar da mutuncin kamfanin, kuma a watan Maris 2001 McMahon ya saye shi. Idan masu kallon kokowar shiri ba su lamunci kayen da aka bayar kyauta ba, ina ga masu kallon tamu?

Mu dawo gida Nijar. Gasar Takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasa, ta fara ne a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaga takobin. Tun daga nan take zagaya jihohi. Jihohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma, mutum 80 ke nan, a yi kwana goma ana gumurzu. Kowace jiha sai ta haɗu da sauran bakwai, ƙuri'a ce kuma ke haɗa mutum da abokin karawarsa. Wanda ya sha kaye sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da shiga fili don kare sunan jiharsa. Kullum rana ta faɗi, a shaguna da tashoshin mota da majalisun shayi, tambaya ɗaya ake yi: saura mutum nawa ba su faɗi ba? Babu marubucin Amurka da ya taɓa ƙirƙiro tsarin jan rai da ya kai wannan, kuma mu ba mu biya kowa ya rubuta mana shi ba.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da buhunan rairai da ake kewaye fili da su ya san abin da nake nufi. Ɗan kokowa ya shigo da walki, layu da guraye sun cika masa ƙugu da damtse, ya ɗaga hannu ya yi kirari, makaɗa su amsa, 'yan cali-cali na gefe suna kwaikwayon faɗuwar jiya jama'a na dariya. Alƙali ya busa usur, sai dariya ta ɗauke. Su biyun su duƙa, kowa ya ɗebi rairai ya murza a tafi. Hannu ya fita yana lalube, a kaɗe shi. Goshi ya haɗu da goshi. Kana kallon ƙafafu za ka ga yatsu na nutsewa cikin rairai, kowa na neman inda nauyin ɗan'uwansa ya karkata. Wani lokaci a daɗe a haka har mai gajen haƙuri ya fara tsaki. Sai kawai ka ga an kai hannu ƙafa, ko an sa taɗiya, ƙato ya tashi sama ya dawo. Shi ke nan. Ba ƙirga uku, ba tashi a sake, ba ramuwa sai baɗi. Shekara guda ta horo da kashe kuɗi da addu'ar iyaye ta tafi a ƙiftawar ido.

Jihar Dosso, wadda Junju ke cikinta, ta san daɗin wannan ta kuma san ɗacinsa. Salma Ɗan Rani yana cikin sarakunan kokowa na farko, shi ya sa filin kokowar Dosso ke ɗauke da sunansa, kamar yadda na Maraɗi ke ɗauke da na Kantu, na Damagaram kuma na Langa-Langa. A zamaninmu Kadri Abdu, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya ɗaga takobi sau shida, uku daga ciki a jere: Yamai a 2021, Difa a 2022, Agadas a 2023. Sai ga shi a Disamban 2024 an kawo gasar har gida Dosso, a gaban 'yan'uwa da abokan arziki, takobin ya bi Abba Ibrahim zuwa Yamai. Da a ce McMahon ne ke riƙe da alƙalami, da ya bar sarki ya ci na bakwai a gidansa, don abin da zai faranta wa masu gida ke nan. A wurinmu rairai ne ya yanke hukunci. Wannan rashin tabbas shi ne jarinmu, kuma shi kaɗai ne abin da Amurka ba za ta iya sayar mana ba.

Sai dai kada son abinmu ya rufe mana ido. In da za a ce yau kowa ya biya kafin ya kalli kokowarmu, akwai ranakun da mai kallo zai nemi a mayar masa da kuɗinsa.

Na farko akwai noƙewa. Tsarin faɗuwa ɗaya ka fita yana da illarsa: wanda bai faɗi ba yakan ji tsoron kai hari. Sai ka ga manya biyu sun tsaya suna shafar hannun juna, suna zagaye, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure, har lokaci ya cinye, a koma ƙirga gargaɗi. Takobin da aka samu da gargaɗi ba ya da armashin wanda aka samu da kaye, ko a bakin makaɗa. Sau da yawa karawar da ta fi kyau a yini ita ce ta samari biyu da suka riga suka faɗi, waɗanda ba abin da ya rage musu sai suna, su kuwa ba wanda ya damu ya sake nuna su.

Na biyu shi ne raɗe-raɗin sayar da kaye. Ba na zargin kowa da suna, kuma zargi ba hujja ba ne. Amma duk mai bin kokowa ya san kusan kowace shekara sai an yi wannan magana a majalisa: wane ya faɗi da sauƙi, an ga wasu sun shiga masauki da dare. Tsarin da kansa ne ke buɗe ƙofa. Ga mutumin da ya riga ya faɗi, ba ya da sauran rabo a takobi, gida kuma ana jiransa da buƙatu. Ga wanda bai faɗi ba, bayansa akwai attajirai da manyan jiha da ke son a ce nasu ne ya ci. Ƙuri'a ta haɗa su. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane inda jarabawa take. Ko da a ce ba a taɓa yi ba, zaton da ke zukatan mutane ya isa ɓarna.

Na uku shi ne ɗaukar hoto. Télé Sahel da gidajen rediyo sun yi wa kokowa hidimar da ba za a manta ba, su suka kai ta kowane ƙauye. Amma kwatanta yadda ake nuna tamu da yadda ake nuna resilin. Can kyamara na kowace kusurwa, ana maimaita motsi a hankali, an san fuskar da za a haska a lokacin da ya dace. Nan sau da yawa kaye zai auku kyamara na kan manyan baƙi a rumfa, ko a yi ta jero sunayen masu ba da kyauta alhali ana fafatawa. Yaron da ya saba da hoto mai kyau a wayarsa ba zai zauna don kishin al'ada kawai ba.

Na huɗu, wanda shi ne tushen sauran, aljihun ɗan kokowa. Sarki yana samun miliyoyin sefa da kyaututtuka, wannan gaskiya ne. Sauran 79 fa? Da waɗanda aka tankaɗe tun a zaɓen gunduma da na jiha? Kwana goma ake tunawa da su a shekara. In an watse, wannan ya koma gonar rake, wancan ya koma dako ko kabu-kabu, in gwiwa ta goce kuma shi da iyalinsa. Tsofaffin da suka cika filaye a jiya, da yawansu sai an yi jana'izarsu ake tuna sun yi suna. A kwanakin gasa kuwa kamfanoni sun yi talla, masu masauki da masu abinci sun yi ciniki, 'yan siyasa sun sha tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kafin mu ce kuɗi ne maganin komai, mu leƙa Senegal, inda aka riga mu bin wannan hanya. Can masu shirya wasa irin su Gaston Mbengue da Luc Nicolaï sun mayar da kokowarsu mai haɗe da naushi babbar sana'a, har manyan 'yan wasa na karɓar fiye da sefa miliyan 100 a karawa ɗaya. Ranar 22 ga Afrilu 2012, da Balla Gaye 2 ya kayar da Yékini bayan shekara da shekaru ba wanda ya kai shi ƙasa, Dakar gaba ɗaya ta tsaya. A 2018 aka buɗe musu fili na zamani a Pikine mai cin mutum 20,000, yanzu kuma ana sayar da kallon manyan karawa ta intanet, musamman ga 'yan ƙasar da ke Turai da Amurka. Wannan shi ne gefen alheri. Ɗaya gefen kuma, tsadar manya ta sa wani sai ya shekara bai shiga fili ba. A kwashe watanni ana cika baki a gaban 'yan jarida, ranar karawa ta zo a gama cikin daƙiƙu ko a ƙare da gardama, magoya baya su fita suna jifa da fashe-fashe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da nake gani ya dace da mu. Gasar Takobi kada a taɓa ta. Ta ƙasa ce, an kafa ta ne don Bazabarme da Bahaushe da Buzu da Bafillace da Babarbare su zauna inuwa ɗaya, kuma ranar da aka ce sai mai kuɗi zai kalle ta, ranar ta mutu. Ta ci gaba da zuwa kyauta a talabijin da rediyo. Amma tsakanin takobi da takobi akwai wata goma sha ɗaya da filaye ke zaune ba kowa. A nan ne hukumar kokowa ta ƙasa, FENILUTTES, ya kamata ta ba masu shirya wasa izini su riƙa haɗa karawa ta kuɗi, a lokacin rani, a zagaya da ita garuruwa. A kawo ta Gaya da Junju da Dogon Dutsi, a gayyato 'yan kokowar Kebbi da Sakkwato, waɗanda da ma suna nuna ƙarfinsu a bikin kamun kifi na Argungu. Karawar da jama'a suka daɗe suna muradi amma ƙuri'a ta ƙi haɗawa, a haɗa ta. Wanda aka kayar a takobi yana cewa tsautsayi ne, a ba shi damar ramuwa.

Za a ce wa zai biya, a ƙasar da intanet ke rarrafe, wuta ke zuwa ta tafi, kuma hoton kaye ke yawo a WhatsApp kafin wanda ya faɗi ya karkaɗe jikinsa? Amsar tana cikin unguwanninmu. Mai gidan kallo ya riga ya san wannan sana'a: yana da allo, yana da janareta ko faranti mai aiki da rana, yana da benci, kuma samari na biyansa 'yan canji su kalli Real Madrid da Barcelona. Shi za a sayar wa izinin nunawa, shi kuma ya karɓa a ƙofa. Mutum ɗaya ba zai iya sayen kallo a wayarsa ba, amma mutum hamsin a rumfa ɗaya za su iya. Sannan ga 'yan Nijar da ke Kwatano da Lome da Akara da Abijan da ƙasashen Larabawa, waɗanda kowace shekara suke neman inda za su ga kokowa ido rufe, kuma sun saba aiko da kuɗi gida ta Nita da Amana. Hoton da ke yawo daga baya ba ya kashe kasuwa, don abin da ake saye shi ne zama a gani lokacin da ba wanda ya san yadda za ta kaya.

Za a kuma ce kuɗi zai ɓata al'ada. Ai kuɗi ya daɗe da shiga fili. Duk kayen da aka yi a gasar Takobi sai ka ji ana shelar wane ya ba da jika kaza, wane ya ba da buhu kaza. Tambayar ita ce kuɗin wa ya fi tsabta. Uban gida yana da ɓangare, yana da wanda yake so ya ci, kuma in ransa ya ɓaci ya janye hannu. Mai kallo da ya biya a ƙofa ba abin da yake nema sai karawa mai kyau, in aka cuce shi kuma ba zai dawo ba. Ɗan kokowar da abincinsa ke hannun dubban masu kallo ya fi wanda abincinsa ke hannun mutum ɗaya ƙarfin cewa a'a in an zo masa da dare.

Sai dai akwai sharuɗɗa, in babu su gara a bar abin yadda yake. Kason ɗan kokowa ya zama a rubuce kafin ya shiga fili, wanda ya faɗi ma ya tafi da abin kirki, amma tazarar da ke tsakaninsa da wanda ya yi kaye ta zama mai yawa yadda ba wanda zai ga riba a kwanciya. A ware wani kaso na kowane tikiti don jinyar wanda ya ji rauni da tallafin tsofaffi. Alƙalai su fito daga hukuma, kada mai shirya wasa ya zaɓe su ko ya biya su da hannunsa. A tsaurara dokar noƙewa, wanda ya ƙi kai hari ya ji a aljihunsa. A nisanta kamfanonin caca daga fili, domin bayan haramcinta a addini, caca ita ce babbar dillaliyar sayar da wasa a ko'ina cikin duniya. Wanda kuma aka tabbatar ya sayar da kaye, da wanda ya saya, a kore su kora ta har abada, a faɗi sunayensu a rediyo.

Abin da za mu aro daga Amurka shi ne iya gabatarwa. Su ƙirƙirar labari suke yi, mu namu yana nan zube ba mai ɗauka. Kowane ɗan kokowa yana da ƙauye, yana da wanda ya koya masa, yana da kayen da har yau bai huce ba. Kafin karawa a je da kyamara gonarsa, a ji ta bakin mahaifiyarsa da makaɗinsa, a tono hoton haɗuwarsu ta baya. A samu masu sharhi da Hausa da Zabarmanci waɗanda suka san sunan kowane kamu, su bayyana wa yaro dalilin da ya sa wannan ya saki ƙugu ya koma ƙafa. A maimaita kaye a hankali daga kusurwa biyu ko uku, wanda hakan zai rage gardama a kan alƙalai. Duk wannan ba ya buƙatar ƙarya ko ɗaya.

Kirana ga hukumar kokowa da ma'aikatar wasanni shi ne su zauna da 'yan kokowa da masu gidajen kallo da gidajen talabijin su fitar da doka tun yanzu, kafin wani mai kuɗi ya zo ya fara ba tare da doka ba, don zai zo. Attajiran Gaya da Dosso da ke rabon kyauta a rumfar manyan baƙi, su juya wannan kyauta ta zama jari. Ku kuma samarin Junju da Karakara da Zabori, ba wanda ya hana ku kallon resilin, wasa ne mai daɗi kuma masu yin sa gwanaye ne. Amma ranar da aka kawo muku kokowa ta kuɗi a garinku, ku biya ku shiga, in kuma kuka ga an ba da kaye da gangan, ku tashi ku fita, kada ku sake ba wannan mai shirya wasa ko dala.